Da Muka Cire Mai Faci Daga Takarda

Shekara ashirin da 'yan kai ina rubuta wa ƙungiyarmu wasan kwaikwayo a Birnin Kebbi, kuma a duk tsawon shekarun nan ban taɓa samun takardar sanarwa yadda nake so ba. Dalili kuwa kawuna ne, ƙanen mahaifiyata, da ke zaune a Argungu. Shi ke buga mana takardun da muke mannawa kafin wasa, shi kuwa mutum ne da ba a gaya masa.

Asalin sana'arsa sassaƙar allo ce da yankan hatimi. Da muka kafa ƙungiya sai ya ce a bar masa zancen sanarwa. Ya samo guntayen itacen aduwa, ya sassaƙa wa kowane ɗan wasa surarsa a guntu guda, faɗinsa bai wuce tafin hannu biyu ba. In wasa ya taso sai ya shimfiɗa takarda a kan katako, ya shafa wa itacen mutum baƙar tawada, ya kifa shi, ya hau da diddige ya danna, sannan ya ɗauko na gaba. Sunan wasa da rana da wuri yakan yanka su a roba ya buga daga ƙasa, amma wannan don mu 'yan boko ne. Mutanen Zauro da Augie da ƙauyukan bakin gulbi ba sa bi ta kan rubutun. Surorin suke dubawa, su ga wa da wa za su fito, sannan su yanke ko tafiyar ta isa a bar gona dominta.

Dokokin Kawu biyu ne, kuma dukansu sun sa na yi furfura da wuri. Ta farko, mutum ɗaya itace ɗaya. Wadda ya sassaƙa tana 'yar ashirin da tire a ka, yau tana da jikoki, amma a takarda har gobe siririya ce da tirenta. Ta biyu, duk wanda ke da itace sai an buga shi, yana cikin wasan ko ba ya ciki. Tun da kuwa jama'a sun gan shi a takarda, dole su gan shi a dandamali. Haka nake zama in ƙare rubutu tsaf, sannan in dawo ina cusa mutane a ciki, ko da wucewa ce mutum zai yi da buta a hannu. Akwai wanda aiki ya mayar Yauri tun tuni, amma duk ranar wasa sai ya hau mota ya zo ya ratsa dandamali ya koma.

Sau ɗaya na yi tawaye. Na kai aikin wurin masu kwamfuta, suka buga mana mai launi da hotunanmu na gaske. Mutane suka riƙa wucewa ba ko waiwaye, sun ɗauka 'yan siyasa ne. Ranar wasa benci uku muka cika. Na koma Argungu da ƙafata, Kawu ya karɓe ni, ya tura mini tabarma. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

A cikin itatuwan nan akwai guda da ya fi kowanne cin tawada, wato na ɗan wasanmu na barkwanci. Facin taya yake yi a wata rumfa a bakin titi, don haka kowa mai faci yake ce masa. Ya girme ni da kusan shekara goma. Kawu ya sassaƙa shi baki a wangale, ƙafar wando ɗaya a naɗe, yana gudu da ƙaton kifi a hammata. A tsakiyar takarda ake buga shi, kuma gaskiya ɗaya ce, rabin masu zuwa kallonmu dominsa suke zuwa. Bai taɓa haddace ko layi ɗaya na rubutuna ba. Sai in ba shi takarda ya ninke ya sa aljihu, ya hau dandamali ya faɗi abin da ya zo bakinsa, fili ya kece da dariya, ni kuwa ina bayan zana ina cizon yatsa.

Wata rana da la'asar ya yi sallama a gidana da ke unguwar Gesse. Ya zauna, muka gaisa, ya yi shiru. Shirun ne ya sa na ajiye abin da ke hannuna, don ban san shi da shi ba.

"Malam, wata buƙata at tahe da ni," in ji shi. "Randa munka rufe yayana, da anka dawo, sai dattawa sunka ce in tashi in yi ma jama'a godiya. Nit tashi. Nic ce, 'Jama'a.' Iyakar abin da nic ce ke nan, Malam. Sai nij ji ana ƙyalƙyatawa can baya. Wani har shina toshe baki da hula. Yayana ko awa guda bai yi cikin ƙasa ba."

Na ce wannan rashin tarbiyya ne, na fara jero zagi. Ya ɗaga mini hannu.

"Ba mugunta ba ta, sabo na. Ni dai so nike ka rubuta min wasa wanda zan yi magana a yi shiru. Sau guda. In na samu wanga, ko ban ƙara hawa dandamali ba ya ishe ni."

Na ji tausayinsa ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Amma kuma wani ɓangare na zuciyata murna yake yi, don ga shi yau mutumin da ya shekara ashirin yana tattake rubutuna ya zo da kansa yana neman ya haddace. Cikin mako uku na rubuta wasan. Labarin wani manomin fadama ne da ruwa ya cinye shinkafarsa saura kwana kaɗan a yanka, ya dawo gida zai gaya wa iyalinsa. Babu abin dariya ko ɗaya a ciki, na duba sau uku na tabbatar.

Saura takarda. Ai ba yadda za a yi a buga mutum yana gudu da kifin sata sannan a ce a saurare shi. Na hau mota na tafi Argungu, na tarar da Kawu a zaurensa yana ferar allo, na ce sabon itace nake so a yi wa mai faci.

"Mi as samu na da? Tsagewa yay yi?"

Na ce lafiyarsa lau, amma wannan karon dattijo zai fito.

"Mutum guda, icce guda," in ji Kawu, ya ci gaba da ferar allonsa.

Na yi bayani, na kawo misali, na yi magiya. Sai ya ajiye aska ya dube ni. "Ɗana, ka san su wa nif fidda daga takardag ga tun da munka fara?"

Na ce, "Kawu, ba tarihi na zo ji ba." Haka na ce masa, da bakina. Ya gyaɗa kai ya ɗauki askarsa.

Da na ga ba zan ci galaba ba sai na kai ƙara wurin Inna. Ta kira ƙanenta a waya ina zaune, ta tuna masa wa ya goya shi, ta kashe. Bayan kwana tara ya aiko a zo a ɗauki takardu. Na warware ta farko na tsaya ina kallo. A tsakiya ga wani dattijo da malfa da babbar riga, hannuwa a baya, baki a rufe, yana duban nesa. Aikin ya yi kyau har ya ba ni haushi. Ashe duk shekarun nan tsohon nan ya iya, ƙi ne kawai yake yi.

Shi kuwa mai faci sai na sa masa doka. Na ce ya rufe rumfa, ya kashe waya, kada ya zauna majalisa ko teburin mai shayi, don duk inda ya zauna sai an tsokane shi ya mayar, ya koma gidan jiya. Kullum da safe ya zo gidana, mu shiga ɗakin baya, in karanta masa layi ya maimaita. Na sha wahala irin wadda ban sha da 'yan aji ɗaya da nake koyarwa ba. Ya riƙe layi huɗu, na biyar sai ya ƙara masa wutsiya, in buga tebur, ya ce, "Yi haƙuri, Malam, da kanta taf fito." Amma yana ƙoƙari. Wata rana na fita na dawo na same shi shi kaɗai yana faɗa wa bango maganar manomin, muryarsa ƙasa-ƙasa, sai na tsaya a bakin ƙofa har ya gama.

Muka dama sitaci muka manna takardu a Birnin Kebbi, muka aika sauran Zauro da Argungu da Augie. Kwana uku da mannawa, muna ɗakin baya, sai uwargida ta leƙo ta ce matar mai faci na tsakar gida, kuma ba da fara'a ta zo ba. Na fito, ko gaisuwa ba ta bari mun ƙare ba.

"Malam, ashe ka kashe min miji ban sani ba? Ga mutanen Zauro can cike da gidana, sun zaka gaisuwa har da shinkafa. Ina ce musu shina nan da rainai, suna ce min in yi haƙuri."

A nan ne tarihin da na ƙi ji ya iso ni. Tun da aka kafa ƙungiya, itace biyu kacal Kawu ya taɓa cirewa daga takarda: na wanda ke fita alƙali, da na wata baiwar Allah da ke fita uwa. Dukansu sai da suka rasu aka cire su. Ni da nake cikin ƙungiyar ban taɓa haɗa abin ba, amma mutanen ƙauye sun haɗa tuntuni. Suka duba takarda babu mai kifi, ga wani baƙon dattijo a gurbinsa. Wanda ya biyo ta rumfarsa ya gan ta a rufe. Wanda ya kira waya ya ji ta a kashe. Me ya rage kuma?

A Birnin Kebbi gyaran bai yi wuya ba. Na sake shi wuni guda ya zauna a rumfarsa, duk mai wucewa ya gan shi, aka yi ta tsokanarsa da tambayar labarin lahira, aikin kwana goma ya kusa rushewa. Amma can wajen Argungu zancen ya riga ya yi saiwa. Har ciwon da ya kashe shi an sani, wasu sun ce hawan jini, wasu sun ce taya ce ta fashe masa. Masu son tabbaci suka nufi zauren Kawu, shi kuwa yana cikin fushin ƙarar da na kai, duk wanda ya tambaye shi sai ya ɗaure fuska ya ce a je a tambayi masu ilimi. Suka ga fuskar tsoho a murtuke, suka ce baƙin ciki ne ya hana shi magana.

Na kira shi raina a ɓace. Ya saurare ni har na gaji.

"Ni ban ce ya mutu ba, ban ce shina da rai ba," in ji shi. "Icce anka ce in sassaƙa, na sassaƙa."

Shugaban ƙungiya ya kawo shawara mai kyau, ya ce a sa mai shela ya zaga Argungu ya ce mutumin na nan lafiya. Mai faci ma ya tambaye ni, "Malam, ba a hwaɗa musu?" Na ce su bar mini. Abin da ke raina, wanda ban gaya wa kowa ba, shi ne in aka yi shela an mayar da abin wasa tun kafin a fara. In kuwa aka bar su suka zo da jimami, to sun zo da shirunsu ke nan, ni kuwa shiru nake nema. Har ina yaba wa kaina wannan dabara.

A filin wata makarantar firamare a Argungu muka yi wasan, bayan la'asar. Mun haɗa bencina mun shimfiɗa katako, muka kafa zana a baya. Ban taɓa ganin taro irin na ranar ba. Masunta, manoman albasa, mata da goyo, tsofaffin da rabonsu da kallonmu an jima, duk sun zo don sun ɗauka wasan tunawa da marigayi ne. Babu hayaniya, babu shewa. Masu sayar da gyaɗa ma a hankali suke tallarsu. Kawu na zaune a gaba a kan kujerar da ya zo da ita daga gida, ya harɗe hannuwa. Na leƙa ta jikin zana na ce a raina, yau dai na yi maganinku duka.

Aka fara. Matar manomi da 'ya'yansa suka yi nasu, mutumin Yauri ya ratsa da butarsa ba wanda ya tanka. Sai mai faci ya fito cikin babbar rigar da na aro masa, malfa ta rufe rabin fuska, hannuwa a baya. Ya tako a hankali ya tsaya. Ya fara magana, yana gaya wa matarsa yadda ya isa gona da hantsi ya tarar ruwa ya shafe kunyoyi, kan shinkafa kawai ke leƙowa. Fili ya yi tsit, har kukan akuya ana ji daga bayan makaranta. Ya faɗi layi na farko, na biyu, har na shida, bai ƙara ko harafi ba. Tsikar jikina ta tashi.

Sai wani tsohon masunci a layi na uku ya miƙe, ya kare ido da tafin hannu.

"Kai jama'a, muryag ga fa? Wanga ba shi na ba?"

Wani ya ce shi ne. Wata ta yi salati da ƙarfi. Kafin ka ce me fili ya rikice, wasu na kabbara, wasu na guɗa, yara na tsalle a kan benci, na baya na ture na gaba don su gani. Daga murna sai aka koma dariya, don yanzu kowa ya gane, wai ashe duk shiri ne, mai faci ya yi musu wasan da ya fi kowanne, ya mutu ya dawo. Shi kuwa yana tsaye bai motsa ba, yana jira su lafa. Da suka ɗan lafa ya ɗora daga inda ya tsaya. Ya ce shinkafar da ya ci buri a kanta ta tafi, aka fashe da dariya. Ya ce bai san da wane ido zai dubi 'ya'yansa ba, wani ya faɗo daga benci. Ina bayan zana ina zagin kowa da kowa, ina yi wa shugaba alama ya tsawata, shi ma ya juya baya kafaɗunsa na girgiza.

Ana cikin haka wata tsohuwa, 'yar firit da ita, ta dafa katako ta hau dandamali. Ba wanda ya tare ta. Ta tako har gabansa yana tsakiyar magana, ta kama damtsensa ta matsa, ta taɓa wuyansa da bayan hannu kamar mai duba zazzaɓin jika. Sannan ta juyo ta fuskanci jama'a ta ba da rahoto.

"Da ɗuminai!"

Ya sunkuyo ya dube ta a hankali daga ƙarƙashin malfa. Ba wani abu ya yi ba, kallo ne kawai na mutumin da ya rasa yadda zai yi. Ni dai ban san lokacin da ta ƙwace mini ba. Dariya ce guda ɗaya, gajera, mai ƙarfi, na yi maza na danne ta da hannu. Tsakanina da shi zana ce kawai. Na ga kansa ya ɗan karkato wajena, sannan ya mayar.

Ya ƙare wasan har layin ƙarshe. Bai tsallake komai ba, bai ƙara komai ba, ko da yake ba na jin akwai wanda ya ji rabin abin da ya faɗa. Da aka tashi jama'a suka yanyame shi, ana shafa shi ana yi masa barka da dawowa. Wani mutumin Augie ya rantse bai taɓa dariya irin ta yau ba, ya kama hannuna ya ce Allah ya ƙara basira. Kawu ya naɗe kujerarsa ya wuce ta gabana, ya dube ni sama da ƙasa, ya tafi gida.

Na same shi a cikin wani aji, shi kaɗai, ya tuɓe babbar rigar yana ninke ta a kan tebur. Na shiga da faɗa, don ban san da me kuma zan shiga ba. Na ce mutanen nan ba su san darajar wasa ba. Na ce tsohuwar nan da za a bi ta tawa da an hana ta shiga kowane taro. Na ce duk laifin Kawu ne da dokokinsa na banza da taurin kansa. Ya bar ni na yi ta yi har na ƙare, yana ta gyara ninkin riga, ya ɗora malfar a kanta ya miƙo mini.

"Su ban ji zafinsu ba, Malam," in ji shi. "Ba su san abin da nir roƙa ba. Kai ɗai nig gaya ma."

Na buɗe baki zan ce wani abu.

"Mutum dubu na dariya," ya ce, "amma taka nij ji."

Ya sa tsohuwar hularsa ya fita wajen mota, ni kuwa na tsaya a ajin riƙe da rigar aro har direba ya yi ta danna oda.